Yadda Mai Koyon Sana'a Zai Samu Takardar Shaida

Matasa da dama a Ƙofar Kware da kewayen Sakkwato sukan shafe shekaru a wurin maigida suna koyon walda, kanikanci ko ɗinki. Sai dai idan aka zo neman aikin gwamnati ko kwangila, takarda ake tambaya, kuma yabon maigida ba ya maye gurbinta.

Hanya mafi kusa ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Haka kuma Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana kula da tsarin NSQ, inda mai tantancewa ke duba aikin hannun mutum, a kuma lissafa masa abin da ya riga ya iya.

Wanda ke son difloma kuwa, sai ya ci jarrabawar NABTEB ko makamanciyarta da kuma ta JAMB kafin ya nemi gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Ana kira ga hakimai da jami'an ƙananan hukumomi su isar da wannan bayani ga masu gareji da shaguna.