Gyaran Gidan Ƙona Gawa A Ingila: Wa Zai Biya?

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada wadda jinta kaɗai yakan sa tsikar jikin mutumin ƙasar Hausa ta tashi, watau ƙona gawa da wuta maimakon binnewa. Musulmin da ke zaune can ba su yinta, haka kuma yawancin Yahudawa, amma ga sauran jama'a ita ce hanya mafi rinjaye. Cikin kowane mutum 5 da suka mutu, wajen 4 ƙona su ake yi. Gidajen da ake wannan aiki sun haura 300 a Birtaniya duka, fiye da rabinsu kuwa mallakar majalisun gari ne, watau hukumomin da ke karɓar haraji suna lura da kasuwa da shara da makabarta, kamar yadda En'e take yi a ƙasar Hausa a da. Da yawa daga cikin gidajen nan sun tsufa, suna bukatar gyara mai tsada, gardamar da ake yi kuwa ita ce daga aljihun wa kuɗin gyaran zai fito. Magana ce ta amana da ta ciniki, malami da falke kowa zai tsinci abinsa a ciki.

Asalin abin

A 1874 Sir Henry Thompson, likitan Sarauniya Biktoriya, ya kafa jam'iyya a Landan don kiran mutane zuwa ga ƙona gawa. Hujjarsa ita ce makabartun birane sun cika sun batse, har suna jawo cuta. Jam'iyyar ta gina tanderu a garin Woking, amma hukuma ta ƙi yarda a hura shi. Sai a 1884 wani tsohon likita a ƙasar Wales, sunansa William Price, ya ɗauki gawar jaririnsa ya hau tudu zai ƙona ta. Aka kama shi aka kai shi gaban alkali a Cardiff. Alkali ya duba, ya ce babu dokar da ta hana, muddin abin bai dami jama'a ba. Da shekara ta kewayo aka buɗe tanderun Woking, gawa 3 rak aka ƙona a 1885.

Majalisar birnin Hull ita ta fara gina nata gidan da kuɗin baitulmali a 1901. A 1902 aka yi doka wadda ta ba majalisu iznin yin haka, da sharaɗin kada a gina kusa da gidan kowa ƙasa da yadi 200 sai da yardarsa, kada kuma a matsi hanyar jama'a ƙasa da yadi 50. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu filin kabari ya yi wuya a birane, sai majalisu suka yi ta gine-gine cikin shekarun 1950 da 1960. Cocin Katolika ta janye haninta a 1963, a 1968 kuwa waɗanda aka ƙona suka fi waɗanda aka binne yawa. To, gidajen wancan zamani su ne yau suka ba shekara 60 baya. Garuruwa kuma sun faɗaɗa sun kewaye su, samun sabon fili mai cika sharaɗin yadi 200 ya zama aiki, saboda haka yawanci tsohon gidan ake lallaɓawa.

Abin da ke lalacewa

Gidan ƙona gawa kashi biyu ne. A gaba akwai ɗakin addu'a da lambun furanni, inda dangi ke taruwa. A baya akwai tanderu, wanda aka yi wa cikinsa shimfiɗar tubali mai jure wuta, ana hura shi da iskar gas. Zafinsa yakan haura digiri 800, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, kowace gawa kuma takan ɗauki misalin sa'a ɗaya da rabi. Kullum a hura, kullum ya huce, ta haka tubalin yake tsattsagewa, tilas a sāke shi bayan 'yan shekaru. Shi kansa tanderun in ya yi shekara 15 zuwa 20 ya yi kwanansa. Har wa yau jikin mutane ya ƙara girma, akwatin gawa ya ƙara faɗi, wasu tsofaffin tanderu bakinsu ba ya ɗaukarsa, sai a kai mamaci wani gari.

Ba rufin da ke yoyo ko kujerun da suka karye ne ke cin kuɗi ba, waɗannan masu sauƙi ne. Sāke tanderu biyu ko uku tare da matatar hayaƙinsu yakan haura fam miliyan 1. Muddin ana aikin kuwa sai an rage karɓar gawa, dangi su yi ta jira, musamman da hunturu, lokacin da mutuwa ta fi yawa a ƙasar. Wanda ya gaji da jira ya nufi gidan kamfani, kuɗin da majalisa za ta samu ya tafi tare da shi.

Batun zaiba

Abin da ya ƙara nauyin kaya shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Shekara da shekaru likitocin haƙori na Turai suna cike kogon haƙori da wani haɗi mai zaiba. In wuta ta ci gawa sai zaibar ta zama tururi ta bi bututun hayaƙi, ta sauka cikin ruwa, kifi ya ɗauka, mutum ya ci kifi. Guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi kuma cutar da ɗan da ke ciki. A 2005 gwamnati ta yi umarni cewa kafin ƙarshen 2012 lalle rabin gawawwakin da ake ƙonawa a ƙasar ya zamana an tace hayaƙinsu.

Matatar kuwa babban abu ce. Sai an fara sanyaya hayaƙin, sa'an nan a busa masa garin gawayi da wani gari mai kama da kanwa, su kama zaibar, a tace. Wasu tsofaffin gidaje ba su da wurin ajiye ta sai an rushe bango. Don haka aka shirya karo-karo, wanda ya fara aiki a 2013: gidan da bai sa matata ba ya biya wani abu a kan gawawwakin da ya ƙona, a tara, a raba wa gidajen da suka sa. Na'urorin da aka saya don cika wa'adin 2012 yanzu su ma tsufa ya fara kama su.

Majalisar garin Redditch, kudu da Birmingham, ta yi wata dabara. Da ta ga tilas ne a sanyaya hayaƙi, sai ta yanke shawara a 2011 cewa zafin da ake cirewa kada ya tafi a banza, a ja shi ta bututun ruwa a ɗumama tafkin iyo na gidan wasanni da ke maƙwabtaka. Ta ƙiyasta za ta rage kashe fam 14,500 a shekara. Ƙungiyar ma'aikata ta Unison ta ce wannan cin mutuncin matattu ne, aka yi ta ka-ce-na-ce, amma aikin ya tabbata. Fam 14,500 dai taimako ne, ba ya sayen tanderu.

Ina ribar ta tafi?

Ga inda falke zai kasa kunne. Gidan ƙona gawa yana cikin 'yan ayyukan majalisa da ke kawo riba, domin kowace gawa ana biyan ɗaruruwan fam a kanta. Doka ba ta tilasta wa majalisa ta riƙe irin gidan nan ba, ita ta ga dama. Abin da aka tilasta mata, bisa dokar 1984, shi ne ta yi jana'izar wanda ya mutu ba shi da mai yi masa, kuma ba ta da iko ta ƙona shi in akwai dalilin zaton ba ya so. Daga 2010 gwamnatin Landan ta shiga tsuke bakin aljihu. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya lissafa cewa zuwa 2018 abin da take ba majalisun Ingila ya ragu da kusan rabi. Sai majalisu da yawa suka waiwayi ribar tanderu, suna toshe wasu ɓarakoki da ita. A wurare da dama da ita ake share makabartu da gyara katangunsu, har da sassan da aka keɓe wa Musulmi. Ashe ke nan wanda bai taɓa taka gidan ba shi ma yana da ruwa da maganar.

Kowane mai mota ya san cewa kuɗin da ya shigo yau ba duka ne riba ba, akwai rabon taya da inji a ciki. Wanda ya cinye duka, uwar kuɗi ya ci. Majalisar da ta riƙa ware wani abu kowace shekara, ran da tanderu ya gaza sai ta buɗe asusu ta biya. Wadda ba ta ware ba kuwa hanya uku ta rage mata, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta farko, ta ƙara kuɗin ƙonawa. Nauyin sai ya faɗa kan mai zaman makoki, wanda ba ya cikin halin taya ciniki ko zagaya gari neman araha. A 2018 hukumar da ke lura da gasar kasuwa ta ce kuɗin ƙonawa ya tashi da kashi 84 cikin 100 a shekara 10, fiye da ninki uku na tashin sauran kaya. A 2021 ta tilasta wa masu wannan sana'a su bayyana farashinsu a fili. Ta biyu, ta ci rance daga baitulmalin gwamnati, ta biya da ruwa cikin shekaru masu yawa. Nan kuma in kuɗin shiga ya kasa, mai biyan haraji ne zai cika, ko mai ƙonawa ne ko mai binnewa. Ta uku, ta ba kamfani haya ko ta sayar. Manyan kamfanoni irin su Dignity da Westerleigh suna da gidaje da yawa, suna da jarin gyara, amma ribar ta bar baitulmali, ikon yanka farashi kuma ya fita daga hannun zaɓaɓɓun gari. Tsadar gas da ta biyo bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ta ƙara matse kowace hanya, har wasu suka koma tanderu mai aiki da lantarki.

Abin da sakaci ya jawo

Jinkirin gyara ba a kuɗi kaɗai yake tsayawa ba. Ga mutanen da ke bin wannan al'ada, tokar mamaci ita ce madadin kabari. Ita suke binnewa, ko su ajiye, ko su watsa a inda yake so. A gidan Emstrey na garin Shrewsbury, tsakanin 1996 da 2012, iyaye wajen 60 da jariransu suka mutu an sallame su hannu wofi, an ce musu jariri ba ya barin toka. Majalisar Shropshire ta sa aka yi bincike, rahoto ya fito a 2015, ya ɗora laifin a kan tsofaffin na'urori da ƙarancin horon ma'aikata. Bayan an sa sabbin na'urori sai ga toka tana samuwa. A 2016 gwamnati ta gyara ƙa'ida, ta fayyace abin da ake nufi da toka, don kada a sāke ce wa wata uwa babu. Iyayen farko dai ba su sami abin da za su ziyarta ba.

Masu kare majalisu suna da tasu hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce kuɗin bai shiga aljihun kowa ba, ga tsofaffi da marayu da ke jiran a ciyar da su, in an bar fam a asusu yana jiran tanderu, wani mai rai ne zai kwana da bukata. Masu suka suka ce kuɗin da aka karɓa daga hannun mai kuka don wani aiki, wannan aikin ne ya fi cancanta a fara yi da shi, abin da ya saura sa'an nan a raba. Hausawa sun riga sun yanke irin wannan shari'a tun da daɗewa: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Majalisar da ta karɓi ladan, a kanta gyaran yake, hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce ta rubuta shekarun da suka rage wa kowane tanderu, ta raba kuɗin sabo a kansu, ta riƙa ajiye rabon kowace shekara kafin ta taɓa sauran.