Bin Layi a Birtaniya, Daga Kantin Cefane Zuwa Gadon Asibiti

Bin layi a Birtaniya ƙa'ida ce da babu dokar da ta rubuta ta, amma kowa ya san ta, kuma wanda ya taka ta a fuskokin jama'a yake fara ganin hukuncinsa. A tashar bas, a gidan waya, a banki, a kantin cefane, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Baƙon da karatu ko aiki ya kai shi ƙasar ba ya yin mako guda bai koyi wannan ba, galibi a babban kanti. Akwai kuma layi na biyu, na asibiti, wanda yawancin baƙi ba sa saninsa sai ranar da ciwo ya kayar da su. Shi wannan ba da riga zuwa ake tafiyar da shi ba, kuma a nan ne wanda ya ƙware a layin kanti yakan ruɗe.

Ɗabi'ar ta yi ƙarfi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Janairun 1940 gwamnati ta fara ƙayyade abinci, ta soma da sukari da man shanu da naman alade, aka raba wa kowane mutum littafin rabonsa, kowane gida kuma ya yi rajista da mai shagon da zai riƙa saye a wurinsa. Matan gida su ne suka sha tsayuwa a ƙofar mahauta da masu kayan masarufi. Yaƙi ya ƙare a 1945 amma ƙarancin bai ƙare ba, don burodi ma sai a 1946 aka sa shi cikin ƙayyadewa, kuma ba a ɗage takunkumin nama ba sai a watan Yulin 1954. Masana tarihi sun nuna cewa layukan wancan zamani ba su rasa faɗa da ture-ture ba. Abin da ya zauna a zukatan mutane dai shi ne cewa idan abu ya yi kaɗan, layi ne hanyar raba shi ba tare da an duba wanene wane ba.

Babban kanti irin na yau, inda mai saye ke ɗaukar kaya da hannunsa ya kai wurin biya, ya zo ne a ƙarshen wancan lokaci. Kamfanin Sainsbury's ya buɗe irinsa na farko a Croydon a 1950. Da haka layi ya tashi daga bakin titi ya koma gaban mai karɓar kuɗi, ya kuma samu nasa ladubban. Mai saye yana jera kayansa a kan bel mai tafiya, sannan ya ɗauki wani guntun roba ya ajiye a bayan kayan don raba su da na mai bi masa. Na baya yakan ce ya gode, ko da a ciki-ciki. Ana barin tazara. Matse wa na gaba da keken sayayya rashin ladabi ne, leƙa masa lokacin da yake danna lambar katinsa kuwa ya fi muni. Wanda ya cika keke fal, ya waiwaya ya ga na bayansa da kwalbar madara ɗaya tal, yakan ce masa ya wuce. Amma wannan kyauta ce daga mai gaba. Mai madara ba ya wucewa don kansa, kuma riƙe wa abokai uku wuri su zo daga baya su shige abin ƙi ne. Inda ake samun saɓani har tsakanin 'yan ƙasa shi ne lokacin da aka buɗe sabon wurin biya: a ƙa'ida na gaba-gaba ne ya kamata su fara komawa can, a aikace kuwa mai zafin nama ne ke riga kowa.

Hukuncin mai tsallake layi ba ya wuce tsaki, harara, gyaran murya, ko wani ya ce masa cikin sanyin murya ƙarshen layin yana can baya. Ba ihu, ba cin kwala. Baƙon da ya saba da a fito masa fili yakan ɗauka babu abin da ya faru, alhali kowa a wurin ya gama yanke masa hukunci. Girman abin ya fito a watan Satumbar 2022, lokacin da aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a zauren Westminster. Layin masu ban kwana ya kai kimanin kilomita 16 a gefen kogin Thames, wasu suka kwana a tsaye. David Beckham ya bi layi na kimanin awa 12 aka yi ta yaba masa, wasu masu gabatar da shirin talabijin biyu kuma da aka zarga da shigewa ta gefe suka sha suka na makonni, duk da sun musanta.

A babban kanti dai baƙo yake fara gane cewa magani ma da ƙa'idarsa. Tun 1998 ƙunshin farasitamol da ake sayarwa a kanti ba ya wuce ƙwaya 16, kuma galibi injin biya ba ya yarda a sayi fiye da ƙunshi biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba a sayensa haka kawai kamar goro. Sai an duba mutum an rubuta masa.

Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta fara aiki ranar 5 ga Yulin 1948 ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, bisa manufar cewa a yi wa kowa magani gwargwadon buƙatarsa, kuɗin kuma ya fito daga haraji. Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce na tafiyar da nata ɓangaren, don haka ƙa'idojin da ke biye na Ingila ne. Ƙofar shiga ita ce likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kowa na iya yin rajista da shi kyauta, ko wace irin takardar zama yake da ita. Shi ne ke tura mutum wurin ƙwararre, kuma ba a zuwa wurin ƙwararren kai tsaye don an san shi ko an san wanda ya san shi. Lambar 999 ta gaggawa ce, 111 kuma ta neman shawara idan ba a tabbatar da girman ciwon ba.

A sashen gaggawa ne ƙa'idar kanti ke rushewa. Da mutum ya iso, ma'aikaciyar jinya za ta auna shi ta yi masa tambayoyi, ta sa shi a rukuni. Tsarin da asibitoci da yawa ke bi an ƙirƙiro shi ne a Manchester a shekarun 1990, yana da launi biyar: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa ɗaya, kore cikin awa biyu, shuɗi cikin awa huɗu. Don haka mai karaya a yatsa zai iya zama tun magariba yana kallon waɗanda suka zo bayansa ana shiga da su. Ba alfarma aka yi musu ba, ciwon ƙirji da shanyewar ɓarin jiki ne ba sa jira. Burin hukuma shi ne kashi 95 cikin 100 na masu zuwa a gama da su cikin awa huɗu, amma an shafe shekaru ba a cim ma wannan ba.

Matsalar baƙo a nan iri biyu ce. Wani yana ɗaga murya saboda ya ga kamar an raina shi, ya ɓata wa kansa da ma'aikata rai a banza. Wani kuma, wanda ya fi shiga haɗari, shi ne mai kawaici, wanda ya koyi cewa mutumin kirki yana shiru a layi. An tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, kamar yadda ake amsawa a gida ko da ana jin jiki, sai a rubuta abin da ya faɗa a sa shi a rukunin masu sauƙi. Tsarin yana dogara ne da abin da mara lafiya ya bayyana: ina ke ciwo, tun yaushe, ya kai nawa cikin goma. Idan jiki ya canja ana cikin jira, komawa wurin ma'aikaciyar a faɗa mata ba tsallake layi ba ne. Masu sikila sun daɗe suna kukan cewa ba a gaskata zafin ciwonsu da wuri, har wani rahoton 'yan majalisa na 2021 ya tabbatar da gazawa wajen kula da su, alhali ƙa'ida ta ce a ba su maganin rage zafi cikin minti 30 da isowarsu. Tun 2024 kuma asibitocin Ingila suka fara aiki da Dokar Martha, wadda ta ba majinyaci ko danginsa damar kiran wata tawagar likitoci dabam ta sake duba shi idan suka ga yana ƙara tsananta ba a saurare su ba. Sunan na wata yarinya ce 'yar shekara 13 da ta rasu a 2021 bayan an yi biris da damuwar iyayenta. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin a samo masa tafinta kyauta, kuma hakan ya fi a sa ɗansa ƙarami ya fassara masa labarin ciwon daji.

Layi mafi tsawo shi ne wanda ba a tsayuwa a cikinsa. Bayan likitan unguwa ya tura mutum, sai ya koma gida ya jira wasiƙa. Ƙa'ida ta ce a fara magani cikin mako 18, amma bayan annobar korona jerin masu jira a Ingila ya haura miliyan 7.7 a watan Satumbar 2023. Ciwon daji yana da tasa hanyar: a faɗa wa mutum ko yana da shi ko babu cikin kwana 28, a fara magani cikin kwana 62 daga ranar da aka tura shi da gaggawa. Baƙi sun fi kowa faɗawa ramin wasiƙa, domin suna yawan sauya gidan haya. Wanda ya tashi bai sanar da sabon adireshi ba, ya rasa ranar da aka ba shi, ana iya mayar da shi wurin likitan unguwa ya sake sabon lale.

Sai batun kuɗi, wanda ya danganta da irin bizar mutum. Mai zama fiye da wata shida yana biyan harajin lafiya tare da kuɗin biza, na dukan shekarun a dunƙule. An fara shi a 2015 a kan fam 200 a shekara, ya kai fam 1,035 a watan Fabrairun 2024, ɗalibai kuma fam 776. Ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi, waɗanda 'yan Najeriya ke da yawa a cikinsu, an ɗauke musu shi tun 2020. Wanda ya biya ana yi masa magani kamar ɗan ƙasa, har tiyata da gashin ciwon daji. Mai bizar ziyara kuwa, misali uwar da ta je taya 'yarta jego, ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne gare ta, amma da zarar an ba ta gado sai a fara lissafi, a kan kashi 150 cikin 100 na farashin hukuma. Ba a hana maganin ceton rai ko karɓar haihuwa don rashin kuɗi, sai dai takardar bashi ta biyo baya, kuma bashin fam 500 ko fiye da ya wuce wata biyu ana kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida, yana iya hana mutum biza nan gaba. Tarin fuka da cutar HIV ana maganinsu kyauta ga kowa. Tsarin ya taɓa cin waɗanda bai kamata ya ci ba: a wata badaƙala ta 2018 da ake kira Windrush an nemi wani dattijo da ya shafe sama da shekara 40 a ƙasar ya biya fam 54,000 kafin a yi masa maganin ciwon daji, saboda ba shi da takardun da ke nuna halaccin zamansa. Manyan da ke zuwa Landan ganin likita daga ƙasashen Afirka ba wannan layin suke bi ba. Asibitocin kuɗi suke zuwa, irin na titin Harley.

Abin da asibiti ba ya bayarwa shi ne dangi. Ma'aikata ne ke wanka da ba da abinci da juya majinyaci, don haka babu al'adar mai jinya ya shimfiɗa tabarma a gindin gado ya kwana, sai a ɗakin yara ko idan rai ya kusa fita. Dubiya tana da lokacinta, galibi mutum biyu a bakin gado. Akwai abincin halal idan an nema, manyan asibitoci kuma suna da ɗakin ibada da limamai masu zagayawa. Likita yana faɗa wa mara lafiya gaskiyar ciwonsa kai tsaye, ba ya kewayewa ta wurin yayansa ko mijinta, kuma ba ya faɗa wa kowa komai sai da izininsa. Iyalin da ke bugo waya daga gida suna neman bayani sukan ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, alhali abin da ake buƙata kawai majinyacin ya ambaci sunan wanda ya yarda a yi magana da shi.

Wahalar ta fi fitowa bayan sallama. Yawancin bizar aiki da ta karatu ba ta ba da damar karɓar tallafin gwamnati, kuɗin hutun rashin lafiya na doka kuma kaɗan ne, ba ya wuce mako 28. Idan aikin ya tafi, ma'aikatar cikin gida takan rage wa'adin bizar zuwa kwana 60, mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar, yana tsakiyar magani. Ƙungiyoyin agaji irin su Macmillan suna ba masu ciwon daji shawara kan haƙƙoƙinsu, sauran nauyin kuma, na girki da kai yara makaranta da rakiya asibiti, masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ne ke ɗauka.

Idan ajali ya yi, ba a fitar da gawa sai an kammala takardu. Tun watan Satumbar 2024 duk mutuwar da ba ta je gaban jami'in binciken mutuwa ba sai wani likita dabam, ba wanda ya yi wa mamacin magani ba, ya duba dalilinta kafin a yi rajista, abin da kan jinkirta jana'izar Musulmi, ko da yake ofisoshi da dama suna hanzarta wa masu buƙatar binnewa da wuri idan an sanar da su. Mai son a kai gawa gida sai ya nemi izinin jami'in binciken, wanda a ƙa'ida ake ba shi sanarwar kwana huɗu, sannan a shirya gawar yadda kamfanin jirgi ya shardanta. NHS ba ta biyan ko kwabo na wannan, harajin lafiyar biza ma bai ƙunshe shi ba, shi ya sa iyalai da yawa ke zaɓar binnewa a ɓangaren Musulmi na maƙabartun ƙananan hukumomi ko a maƙabartu irin su Gardens of Peace da ke gabashin Landan.