Tasirin Takunkumin Fuska a Jikin Ɗan Adam Yayin Motsa Jiki

1.0 Gabatarwa

Tun asali, Bahaushe ya san takunkumi ne a bakin dabba, wato abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi domin hana shi cizo ko ɓarna. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ma'anar kalmar ta faɗaɗa ta ɗauki ƙyallen rufe hanci da baki. A lokacin ne kuma zato ya yaɗu cewa wanda ya yi gudu sanye da shi, jininsa zai rasa iska. Manufar wannan maƙala ita ce bambanta wahalar da mai motsa jiki yake ji da illar da ake tsoro, domin ba abu ɗaya ba ne.

2.0 Numfashi da Motsa Jiki

Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowanne kimanin rabin lita. Kashi 21 cikin 100 na iskar da yake shaƙa oksijin ce, a wadda yake fitarwa kuwa akwai kimanin kashi 4 cikin 100 na kabon-dayoksaid. Idan ya shiga gudu mai tsanani, tsokoki kan ƙara buƙatar oksijin, har iskar da ke shiga huhu ta tashi daga kimanin lita 6 zuwa fiye da lita 100 a minti.

3.0 Abin da Takunkumi Yake Haifarwa

Ƙwayoyin waɗannan iskoki biyu sun fi kafofin ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka takunkumi ba ya tare su. Tasirinsa ta fuska uku yake bayyana. Na farko, yana rage saurin wucewar iska, sai tsokokin ƙirji su ƙara aiki kafin huhu ya cika. Na biyu, 'yar iskar da aka fitar takan maƙale tsakanin fuska da ƙyalle, a sake shaƙar ta. Na uku, zafi da tururin numfashi kan taru a fuska, idan kuma gumi ya jiƙa ƙyallen sai ya manne, jan numfashi ya ƙara wuya. Waɗannan ne ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi, alhali oksijin ɗin jininsa bai ragu ba.

Bincike biyu na shekarar 2020 sun fayyace iyakar wannan tasiri. A Jami'ar Saskatchewan ta Kanada, an sa masu lafiya sun tuƙa keken gwaji har suka gaji, da takunkumin ƙyalle da na asibiti, ba a kuwa ga raguwar oksijin a jininsu ko raguwar ƙwazonsu ba. A Jami'ar Leipzig ta Jamus kuwa, an gano cewa takunkumi mai matse fuska irin N95 yana rage yawan iskar da ake iya ja da kuma iyakar ƙarfin mai motsa jiki. Ke nan, irin takunkumin da tsananin aikin su ne abin lura. A wannan shekara ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sa shi yayin motsa jiki mai tsanani, a maimakon haka a ba da tazarar aƙalla mita 1.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa mai lafiya da ke tafiya ko sassarfa da takunkumi mara nauyi, walau don gudun cuta ko don ƙurar hunturu, ba ya cikin haɗarin rasa iska. Sai dai ya kamata ya canza shi da zarar ya jiƙe, ya kuma tsaya idan ya ji jiri ko ciwon ƙirji. Masu fuka da masu ciwon zuciya kuwa, wajibi ne su tuntuɓi likita tukuna.