Ko Kun Sani? Ƙaramin Ciki Da Zafin Jiki

A watanni uku na farko mahaifa tana ƙunshe a cikin ƙashin ƙugu, sai wajen mako na 12 take ɗagowa. Da yake ƙashin yana kare ta a ƙaramin ciki, abin da likitoci ke jan kunne a kai ga mai son hawan dutse ko doguwar tafiya a daji shi ne zafin jikinta.

Jijiyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 da ɗaukar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da ɓatan wata ba. Idan zafin jikin uwa ya haura digiri 39 a wannan tsakanin, haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya yana ƙaruwa. To, hawan Dala ko Kufena da tsakar ranar Afrilu, gumi na zuba, maƙogwaro a bushe, ba abin wasa ba ne. A fita da sanyin safiya, da gorar ruwa a hannu, a tsaya da zarar an ji jiri. Ga mai son wanka kuwa, ruwan Wikki na Yankari digiri 31 ne, bai kai ɗumin jiki ba.

Nutso cikin teku da tukunyar iska dai an hana mai ciki gaba ɗaya, domin huhun ɗan tayi bai fara aikin tace kumfar iskar da ke shiga jini ba.