Jijiyar Fuska da Karkacewar Baki: Alƙaluma Daga Ƙoƙon Kai Zuwa Jega

Jijiyoyin da ke fitowa kai-tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye ne guda 12, kamar yadda littafin Gray's Anatomy ya jera su. Ta 7 a cikinsu ita ce jijiyar fuska, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce da ɓarin da take kula da shi. Littattafan tiyatar kunne sun ƙiyasta cewa kowace ɗaya na ɗauke da zarurruka kimanin 10,000.

Kimanin 7,000 daga ciki, wato kashi 70 cikin 100, umarni suke kaiwa ga tsokar fuska. A gaban kunne, cikin ƙullutun yawu da ke kumbura idan an kamu da hangum, jijiyar tana rabuwa gida 5: reshen goshi, na ido, na kunci, na leɓen ƙasa da na wuya. Ɗaga gira, ƙifta ido, murmushi da riƙe ruwa a baki lokacin kurkura duk ta nan suke bi.

Sauran 3,000 ɗin aikinsu a ɓoye yake. Su ke ɗauko ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, su ke sa ƙullutan ƙarƙashin haɓa da na ƙarƙashin harshe su fitar da yawu, kuma su ke sa a zubar da hawaye. Idan ana yanka albasar Aliero, wata jijiyar ce ke jin yajin a ido, amma umarnin hawayen ta jijiya ta 7 yake saukowa.

Kafin ta fito fili, jijiyar tana tafiyar kimanin santimita 3 a wani rami cikin ƙashin kunne. Bakin ramin bai kai faɗin milimita 1 ba, kimanin 0.7 ne. Likitan tiyatar kunne Ugo Fisch na birnin Zurich ya nuna cewa a nan jijiyar ke shaƙewa idan ta kumbura, domin ƙashi ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Sakamakon shi ne abin da ake kira karkacewar baki, wasu kuma su ce iska ta bugi mutum: ɓari ɗaya ya saki, ido ya ƙi rufuwa, shayi ya riƙa zuba ta gefen leɓe. Likitoci suna danganta sunan cutar da Charles Bell, wanda ya yi bayanin aikin jijiyar a 1821.

Binciken da aka yi a Turai, Amurka da Japan ya sanya masu kamuwa tsakanin mutum 15 zuwa 30 cikin kowane 100,000 a shekara. A Najeriya, ƙidayar 2006 ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ba ƙaramar hukumar Jega ta jihar Kebbi sama da mutum 190,000, Maiyama kimanin 175,000, Aliero kimanin 66,000, jimilla kimanin 435,000. Idan aka ɗora wancan ma'auni a kan wannan adadi, lissafi zai ba da mutum 65 zuwa 130 a shekara, wato ɗaya zuwa biyu da ɗoriya a kowane mako. Jama'a sun ƙaru tun 2006, don haka wannan mafi ƙarancin abin da za a sa rai ne. Masu ciwon suga da mata a watanni 3 na ƙarshen ciki sun fi saura kamuwa.

Kashi 71 cikin 100 suna warkewa sarai ba tare da magani ba. Adadin ya fito ne daga aikin Erik Peitersen na ƙasar Danmak, wanda ya bi diddigin masu cutar 1,701 cikin shekaru 25, aka buga a mujallar Acta Oto-Laryngologica a 2002. Kashi 85 sun fara ganin motsi cikin makonni 3. Kashi 12 sun rage da ɗan tabo, kashi 13 da matsakaici, kashi 4 da mai tsanani. Wannan adadi na 71 yana da wata ma'ana ga yankin da ake fara zuwa wurin mai magani a gida: duk abin da aka yi wa mutum 10, turare ne ko shafi ko tausa, 7 za su miƙe, kuma yabon zai tafi ga abin da aka yi. Ba a auna magani da waɗannan 7, ana auna shi da sauran 3.

An yi wannan awo a Sikotilan, aka buga sakamakon a New England Journal of Medicine a 2007, daga marasa lafiya 496 da aka bi har ƙarshe. Bayan watanni 3, kashi 83 na waɗanda aka ba maganin rage kumburi na prednisolone sun warke, a kan kashi 64 na waɗanda ba a ba su ba. Bayan watanni 9, kashi 94 ne a kan kashi 82. Cikin mutum 100, waɗanda fuskarsu ba ta koma daidai ba sun ragu daga 18 zuwa 6. Maganin aciclovir da aka gwada tare da shi bai ƙara komai ba.

Sa'o'i 72 ne sharaɗin wannan sakamako, domin duk waɗanda aka gwada sun fara shan maganin ne cikin kwanaki 3 da fara ciwon, suka sha na kwanaki 10. Wanda bakinsa ya karkace da safiyar Juma'a, wa'adinsa safiyar Litinin ne. Ƙwayar tana da araha, kuma ana iya isa asibitin Jega ko na Birnin Kebbi cikin wannan wa'adi. Jinkiri ne ke cinye shi. Sai dai likita ne ya kamata ya rubuta ta, saboda tana ɗaga suga da hawan jini.

Akwai dalili na biyu na ganin likita. Kashi 60 zuwa 75 ne kawai na shanyewar ɓarin fuska ke zama irin wannan. Ragowar sun haɗa da kunne mai zubar da mugunya, karayar ƙashin kai a hatsarin babur, da kuturta, wadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna sabbin masu kamuwa sama da 2,000 a shekara a Najeriya. Goshi yana samun umarni daga ɓangarori 2 na ƙwaƙwalwa, ƙasan fuska kuma daga ɓangare 1. Saboda haka idan baki ya karkace amma mutum na iya ɗaga gira biyu, musamman idan hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, abin da ake tsoro shanyewar ɓarin jiki ne, kuma wannan ba a jira masa kwana ko ɗaya.

Ido yana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti. Idan fatar ido ta daina rufuwa, sharar da ƙiftawa ke yi wa ido ta tsaya, ƙurar hunturu kuma tana iya yi wa baƙin ido miki tun kafin jijiyar ta farfaɗo. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne maganin ɗiga da rana, na shafawa da dare, sannan a rufe idon da filasta lokacin barci har ƙiftawa ta dawo.