Shekara 11 a Kotu, Shekara 4 a Kuje

A watan Yunin 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Abuja ta yanke wa tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, ɗaurin shekara 14. Makonni biyu kafin nan ta yanke wa takwaransa na Taraba, Jolly Nyame, irin wannan hukunci kan naira biliyan 1.64. Tun 2007 Hukumar EFCC ta gurfanar da su, bayan sun sauka daga mulki rigar kariyar da sashe na 308 na tsarin mulki ya ba su ta faɗi.

Shari'ar Dariye ta fi taɓa ni. Kuɗin da aka same shi da cin amanarsu, naira biliyan 1.16, daga asusun gyaran muhalli suka fito, aka ba jihar da tsofaffin ramukan haƙar kuza suka yi wa kaca-kaca. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga kududdufan nan, ruwa kwance a bakin gonaki, yara na wasa a gefensu. Shekaru takwas lauyoyinsa suka kwashe suna jayayya kan ko kotun na da hurumin sauraron ƙarar, sai a 2015 Kotun Ƙoli ta ce ya koma a yi shari'a. Lokacin da aka ɗaure shi kuwa, sanata ne mai ci.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage na Dariye zuwa shekara 10, na Nyame zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Nan ya kamata magana ta ƙare. Amma ranar 14 ga Afrilu, 2022, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta amince Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa mutum 159 afuwa, har da su biyun, bisa dalilin shekaru da rashin lafiya. A watan Agusta suka bar gidan yarin Kuje.

Ba a karya doka ba. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa wannan iko, kuma da shi Shugaba Goodluck Jonathan ya yafe wa tsohon gwamna Diepreye Alamieyeseigha a 2013. Tausaya wa marar lafiya ma ba laifi ba ne. Sai dai yafiya ta wanda aka zalunta ce, kuma ba a tambayi talakan Filato ko na Taraba ba. Jami'in da ya yi shekaru yana bin sawun takardun banki, da shaidan da ya tsaya gaban tsohon maigidansa ya faɗi gaskiya, da wane ƙarfin gwiwa za su sake?

A ganina dole a yi wa sashe na 175 linzami: kada a yi afuwa ga wanda ya ci dukiyar jama'a sai ya dawo da ita, a kuma bayyana rahoton likitocin da aka dogara da shi. Gyaran na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma a Majalisar Dattawan da za ta kaɗa ƙuri'ar akwai tsofaffin gwamnoni da dama.