Ƙarshen Sarki Liya da Masu Kallonsa

A ranar 26 ga Disamba, 1606, aka yi wasan Sarki Liya na Wiliyam Shekspiya a fadar Sarki Jemis na Ingila. Labarin ba baƙo ba ne ga mutanen lokacin. Sun san tsohon sarkin da ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata gwargwadon daɗin bakin kowacce, ya kori autarsa Kodeliya don ta ƙi yi masa fadanci, manyan biyu kuma suka juya masa baya da mulki ya shiga hannunsu. A tsofaffin ruwayoyi, Kodeliya takan zo da rundunar Faransa ta mayar da uban kan karagarsa.

Shekspiya bai bi nan ba. A wasansa an ci rundunar da yaƙi, aka kama uba da 'ya. Edman, jagoran ɓangaren da ya ci yaƙin, wanda ya ba da umarnin a rataye ta a kurkuku, sai da ajali ya zo masa sannan ya yi nadama, ya ce a ruga a hana. Kafin ɗan aike ya isa, aikin gama ya gama. Liya, dattijon da ya haura tamanin, ya shigo ɗauke da gawar 'yarsa. Ya nemi madubi don ya ga ko numfashinta zai dusashe shi, ya kara gashin tsuntsu a leɓenta, ya roƙi a ɓalle masa maɓallin riga, nan shi ma ya cika.

Mutane sun kasa haɗiye wannan. A 1681 marubuci Nahum Tate ya sake rubuta wasan: Kodeliya ta rayu ta auri Edga, ɗan'uwan Edman, Liya ya tsira da ransa. Sama da shekara 150 wannan ake nunawa, sai a 1838 ɗan wasa William Macready ya dawo da na asali. Shi kansa marubuci Samuel Johnson ya faɗa a 1765 cewa mutuwar Kodeliya ta girgiza shi har ya daɗe bai iya sake karanta ƙarshen ba.

A ganina, zafin yana ga lokacin da mutuwar ta zo. Uba ya riga ya nemi gafara, 'ya ta yafe, abin da ya rage kawai su ɗan zauna tare, shi ne ba a ba su ba. Duk wanda ya shirya da mahaifinsa bayan doguwar gaba, bai daɗe ba aka zo masa ta'aziyya, ba ya buƙatar malami ya fassara masa wannan fage.

Shekaru ma suna sauya wanda mai kallo yake tausaya wa. Matashi yakan tsaya bayan Kodeliya, wadda aka zalunta don ta faɗi gaskiya. Wanda ya yi jinyar tsoho mai gigin tsufa kuwa, wanda yau zai sa maka albarka gobe ya zage ka a gaban baƙi, yakan ji wani abu ya motsa a ransa idan Goneril, babbar 'yar Liya, ta fara ƙorafin jarumai 100 da uban ya jibge mata a gida suna ci suna hayaniya. Muguwa ce, babu ko tantama. Amma ƙorafinta na farko irin wanda mai jinya yake yi a zuci ne, ya ji kunyar furtawa.